Shin hular kwanon keke tana hana mummunan rauni kuwa?

Baban Yara:
Assalamu alaikum. Na saya wa ɗana keke domin zuwa makaranta, mai shagon kuma ya matsa mini lamba sai na haɗa da hular kwano. Da na ɗaga ta sai na ji ba ta da nauyi ko kaɗan, cikinta kuma irin farin soson nan ne da ake tare talabijin da shi a cikin kwali. Shin wannan zai iya kare kan yaro idan ya faɗi, ko kuwa dabarar ciniki ce kawai?

Ma'aikacin Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan soson shi ne ainihin hular, domin aikinsa shi ne ya murƙushe a lokacin da kai ya bugi kwalta, ta yadda ƙarfin bugun zai ragu kafin ya kai ga ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa. A shekarar 2016, wasu masana biyu na Jami'ar New South Wales a Ostireliya sun tattara bincike 40 da suka shafi mahaya keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka gano cewa hular tana rage yiwuwar mummunan rauni a kai da kusan kashi 69 cikin 100. A ganina wannan ya isa hujja, musamman ga yaro, wanda yawancin faɗuwarsa daga rami ne ko yashi ko birkin da ya kama ba shiri.

Direba Mai Ritaya:
Ban musa ba, amma kada a ɗora wa hular abin da ba za ta iya ba. A ƙa'idar Turai, ana gwada ta ne ta hanyar sako ta daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi, wato gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, kuma babu wanda ya ƙera ta domin karo da tirela. A ƙasar Holan mutane ƙalilan ne ke sa ta, amma duk da haka hawan keke a can yana da aminci ƙwarai, saboda an ware wa kekuna hanyarsu daban da ta motoci. Saboda haka, Malam, ka duba hanyar da yaron zai riƙa bi kafin komai.

Mai Tseren Keke:
Ko ƙwararrun 'yan tsere ba a tilasta musu sa ta ba sai a 2003, bayan Andrei Kivilev ɗan Kazakistan ya faɗi ba hula a gasar Paris–Nice a Faransa, ya rasu. Abin da zan ƙara shi ne a ɗaure madaurin haɓa sosai, hular kuma ta sauko ta rufe goshi, domin yara kan tura ta ƙeya saboda zafi. Idan ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a sauya ta, ko da ba a ga tsagewa ba, tunda soson da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake.