Neman kalmar Hausa: me za mu kira "schema"?

Jama'a, kan "database" an gama magana. Rumbun bayanai ya zauna, gidajen rediyo ma shi suke faɗa. Inda nake neman taimakonku shi ne aikin da ake yi kafin a zuba ko bayani ɗaya a rumbun, wanda masu kwamfuta ke kira "schema".

Ga abin da ake nufi. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana so ya bar littafin ciniki ya koma kwamfuta. Mai haɗa masa rumbun ba manhaja zai fara saya ba. Zama zai yi da Alhaji da yaran shago, ya yi ta tambaya: me ake rubutawa kullum, wa ke rubutawa, wa ya halatta ya ga littafin bashi? Daga nan sai ya yanke cewa za a yi jadawalin kwastomomi daban, na kaya daban, na ciniki daban, ya kuma faɗi yadda za su haɗu. Wannan salon na jera bayanai a jadawali masu alaƙa da juna Edgar Codd ne ya fito da shi a kamfanin IBM a 1970, kuma har yau a kansa akasarin rumbunan kasuwanci suke.

A nan ake yanke abubuwan da ke jawo rigima daga baya. Atamfa da turmi za a lissafa ta ko da yadi? Turmi yadi shida ne, idan wani yaro ya shigar da turmi wani ya shigar da yadi a gurbi ɗaya, lissafin kaya ya rushe. Kwastoma kuma da me za a bambance shi? Suna ba ya isa, masu suna ɗaya sun yi yawa a kasuwa. Dole kowa ya samu lambar da ba ya tarayya da kowa a kanta, irin yadda NIN da BVN suke da lambobi 11 ga kowane mutum.

Wani malaminmu ya ce a kira shi taswirar rumbu. Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba. Taswira abin da yake nan take nunawa, wannan kuwa tun babu komai ake yin sa, kuma yana da iko: in ka rubuta suna a gurbin farashi, zai ƙi karɓa.

Wata yayarmu ta kawo tsarin rumbu. Yaya, tsari ya yi faɗi, komai tsari ne a bakinmu. Masu cewa a ari kalmar a ce "sikima" kuwa, mutumin kasuwa zai zaci wani shirin gwamnati ne na ba da rance.

Ni shatar rumbu na zaɓa. Magini kan shata gida a ƙasa kafin a haƙa harsashi: nan ɗaki, nan zaure, nan iyaka, kuma wanda ya tsallake shatar sai an rushe masa. Ga shi tana ba da aikatau ba wahala: "Mun shata rumbun, saura kwaso tsofaffin bayanai daga littafi." Mai aikin kuma sai a ce mai shata rumbu.

Fasalin rumbu ma na ji an ambata, kuma ba laifi, sai dai fasali siffar abin da aka riga aka gama ce. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka koyi aikin da Faransanci, shata ta shiga kunnenku ko akwai wadda kuke faɗa a can?