Mangrove ba mangwaro ba ne, a taya ni neman sunansa

Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wani bayani kan taswirar Global Mangrove Watch, aikin da hukumar sararin samaniyar Japan, JAXA, ta yi tare da masanan Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya da wasu ƙungiyoyi. Tauraron ɗan'adam na Japan ke ɗauko hotunan da na'urar rada, wadda gajimare ba ya tare mata gani, masanan kuma su tantance. A lissafinsu na 2020, faɗin dazukan mangrove ya kai wajen murabba'in kilomita 147,000 a duniya. Indonesiya ce kan gaba, a Afirka kuma Najeriya. To, kalmar da aikin ya ginu a kanta ce ta tsaya mini a wuya: mangrove, wato itatuwan da ke fitowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Da sai in rubuta mangurof in huta, amma na taɓa ji da kunnena a wani gidan rediyo an ce malalar mai ta kashe "dazukan mangwaro" a Neja Delta. Mahaifiyata na tsintar shinkafa, ta ɗago kai ta ce, "Shi ya sa bana ya yi tsada."

Wani ɗalibi daga Katsina: Yaya, me ya hana a ce bishiyar fadama? Ko giyayyar teku, tunda giyayya ma a ruwa take tsayuwa?

Ƙanena, fadama ruwan daɗi ce. Kana faɗinta mutum zai hango rake da tumatir a Kadawa. Wannan kuwa inda kogi ya haɗu da teku yake fitowa, ruwan gishiri ya hau ya rufe masa ƙafa, ya janye ya bar shi cikin taɓo, kullum haka. Giyayya ba za ta yi mako a wurin ba.

Wani dattijo, tsohon malamin aikin gona: Ɗana, na yi bautar ƙasa a jihar Ribas, na shiga cikinsa da kwalekwale. Abin da ya fara zo mini a rai cediya ce. Jijiyoyi na saukowa daga rassa, wasu kuma sun fito daga jikin gangar sun lanƙwasa sun kafe a taɓo, sai ka ce bishiyar ta hau kan ƙafafu. Ƙananan kifaye da ƙaguwa na ɓuya a tsakaninsu, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, na manne a jiki. Bahaushe bai taɓa rasa dabara ba, ya ce gwandar daji, ya ce dankalin Turawa. A ce cediyar teku.

Allah ya ƙara girma, Baba, wannan ta kwanta mini. Har na rubuta.

Wata 'yar'uwa daga Fot Sudan: Malam, dakata tukuna. Namu na bakin Bahar Maliya bai yi kama da cediya ko kaɗan ba. Shura ake ce masa a nan. Jijiyoyinsa daga ƙasa suke tsirowa sama kamar an kakkafa tsinke, da su yake shan iska. Ka shafa ganyen ka lasa, gishiri ne fal, raƙuma na ci. In aka ce cediyar teku an bar mu a baya.

Gaskiyarki, Hajiya, na duba. Wanda Baba ya gani shi ne ake kira jan mangrove, wanda ya fi yawa a Neja Delta. Naku wani jinsi ne dabam, ba su ma haɗa dangi ba, zama cikin gishiri ne kawai ya tara su a suna ɗaya. Kuma Bature da kalmar nan guda yake kiran bishiyar, da ita yake kiran dajin. Mu biyu muke bukata. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ɓarnar malalar mai a ƙasar Ogoni ta Neja Delta, da ya ce gyara zai iya cin shekara 25 zuwa 30, ba bishiya ɗaya yake nufi ba, har da taɓon da abin da ke rayuwa a ciki.

Wani mai sayar da busasshen kifi a Akara: Oga, mu dai itacen banda muka san shi. Daga wajen Anyanui, bakin kogin Bolta, ake lodinsa.

Allah ya ba da kasuwa, amma in na sa wannan a takardar masu son a daina sara, ai korata za su yi. Na so ma in ari mikoko ta Suwahili, saboda shirin Mikoko Pamoja na Gazi a Kenya, inda masanan ƙasar da na wata jami'a a Edinbura suka taimaki mutanen ƙauye suna dasawa ana biyansu. Sai dai Bahaushe zai ji koko, ya nemi ƙosai.

Ga inda na tsaya. Dajin, kurmin gishiri, don kurmi daji ne mai duhu da ke bin ruwa. Bishiyar kowace iri, itacen gishiri. Cediyar teku ta Baba kuma a bar wa jan shi kaɗai. Jimlar farko ta zama: "Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin kurmin gishiri."

Dattijon ya dawo: Na yarda, amma ka ƙara "na bakin teku" a ambaton farko. In ba haka ba Bakano zai ɗauka layin masu gishiri kake nufi a kasuwar Kurmi.

An ƙara, Baba.