Taƙaitawa: tamaular da, cikin ruwa da hunturu

Hira ta yi tsawo kan ƙwallon da muka buga a shekarun 1970 zuwa 1990. Ga abin da na tattaro:

1. Kusan kowa ya yarda wasan damina ya fi daɗi. Fili ya zama taɓo, ba takalmi, duwatsu biyu ne raga, a koma gida sharkaf.

2. Ƙwallon fata ta wancan lokaci kan sha ruwa ta yi nauyi. Wanda ya sa mata kai, ya wuni kansa na sarawa. Ta tsumma ma haka take. Shawara: ranar ruwa a riƙa buga ta ƙasa-ƙasa.

3. Hunturu: mutanen Jos sun ce sanyin Disamba ya fi cizo, na Kano sun ce ƙura ce, hazo ya hana ka hango gola. Maganin faso, man kaɗe kafin a fita.

4. An rabu kan barin yara su buga cikin ruwa. Wasu sun ce haka muka taso, wasu sun tuna mura da fasassun kwalabe a cikin taɓo.

5. Tsawa kam ba gardama, ni ma nan nake: da an ji ta a watse a shiga ɗaki, kada a fake gindin bishiya, a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe.