Muhawarar Gidanmu: Tafiyar Ummi Tanzaniya, Neman Lada ko Yawon Ido?

Baffa Lawan: Assalamu alaikum. Ɗazu uwar Ummi take faɗa min wai yarinyar nan tunda ta gama bautar ƙasa ta matsa sai an haɗa mata kuɗi ta tafi Tanzaniya sati huɗu aikin sa kai a gidan marayu, kuma wai ita ce za ta biya su, ba su za su biya ta ba. Ni dai ga tawa, duk wanda ya tsallake almajiran da ke kwana a gindin gadar Ƙofar Nasarawa ya hau jirgi wai zai je taimakon yaran wata ƙasa, ba taimako ya kai shi ba, hoto ya je ɗauka. Gida bai ƙoshi ba a kai wa dawa?

Ummi: Wa alaikumus salam Baffa, Allah ya ƙara girma. Wallahi ba don hoto ba ne, ni so nake in ga yadda wasu ke rayuwa in koyi wani abu, kuma in yi ƙawaye a wajen Kano, tunda aka haife ni iyakata Jigawa, can ma bautar ƙasa ce ta kai ni

Baffa Lawan: To kin ga kin faɗa da bakinki, ki gani, ki yi ƙawaye. Ina marayun a ciki?

Gwaggo Binta: Yaya Lawan ka bi ta a hankali mana, yarinya ta zo da niyyar alheri ka tare ta da sanda. Ni abin da ya dame ni ma daban ne, ɗiya mace ita kaɗai a garin da ba ta san kowa ba

Yaya Sani: Baffa a yi min afuwa, a nan kam ban bi ku ba. Kun san nima na tafi, shekara biyu na yi a Gambiya ina koyar da lissafi a ƙarƙashin shirin TAC, wanda gwamnatin Babangida ta kafa a 1987 take tura malamai da likitoci da nas-nas ƙasashen Afirka da na Karibiyan da tsibiran Fasifik. Makarantar da aka kai ni kusa da Brikama ba su da malamin lissafi na manyan aji lokacin da na je. Ashe hoto na je ɗauka? Ko wayar kirki ba ni da ita a lokacin

Baffa Lawan: Kai gwamnati ce ta aike ka da sana'a a hannunka, har alawus ake ba ka. Kada ka haɗa kanka da wannan

Anti Hadiza: Ni kuma ban yarda da Baffa ba, ban kuma yarda da tafiyar Ummi ba, ku bar ni in yi bayani don shekarata goma sha ina aikin jinya a ɓangaren yara. Matsalar ba wai an bar Kano an tafi waje ba ce, matsalar gidan marayun ne da sati huɗun. Ƙungiyar Save the Children ta fitar tun 2009 cewa kusan huɗu cikin biyar na yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya sa aka miƙa su. A Kambodiya UNICEF ta lissafa gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido suka cika ƙasar. Kun gane ai, baƙo na zuwa da dala yana neman maraya da zai rungume, sai masu wayo suka shiga ƙauyuka suna karɓo yara daga hannun iyayensu da sunan za a sa su makaranta, a bar su cikin tsumma don tsumman ne ke kawo kuɗi. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin dokarta ta yaƙi da bautar zamani, Ruwanda kuma tun 2012 ta fara rufe nata gidajen tana mayar da yara hannun dangi da masu riƙo

Anti Hadiza: Sannan ko gidan na gaskiya ne, Ummi ki yi tunanin yaro ɗan shekara uku, kin zo kin goya shi kin ba shi abinci a baki, ya fara binki yana riƙe miki zani, ranar ashirin da takwas kin ja akwatinki. Wata ta zo, ita ma haka. Sabo ake wa kuka fa. Ni a asibiti na ga yaran da kowa suka gani sai su faɗa jikinsa, mutane su ce kai yaron nan akwai fara'a, alhali ba su da mutum ɗaya tsayayye ne da za su ce nasu

Ummi: Innalillahi, Anti ni duk ban san wannan ba, a bidiyon da suka sa yaran sai murna suke suna waƙa

Anti Hadiza: Waƙar ai ita ce hajar da ake sayar miki ƙanwata

Baffa Lawan: Madalla, Hadiza ta gama magana. A zauna a gida

Yaya Sani: A'a Baffa ba ta ce a zauna a gida ba 😄 cewa ta yi kada a je a yi sati huɗu da jarirai. Kuma maganar abota da kuka raina, ni fa ita na fi ƙaruwa da ita. Watanni uku na farko kuka ne kawai ban yi ba, ba Bahaushe, ba tuwo, ba na jin Mandinka, in an tashi makaranta sai in kulle ɗaki. Wani malamin tarihi ne ya gaji da ni ya ja ni majalisarsu ta attaya, shayin da suke dafawa zagaye uku, sai ka zauna awa biyu kafin a gama, a nan na koyi gaisuwa, a nan aka fara tsokanata. Da zazzaɓi ya kwantar da ni matarsa ce ta riƙa aiko min da domoda, miyar gyaɗarsu, har na miƙe. Babbar Sallah, su Tobaski suke ce mata, a gidan mahaifinsa na yi ta sau biyu. Yau ɗansa na biyu sunana yake ci. Wannan sai wanda ya daɗe har ya buƙaci mutane suka taimake shi, mai sati huɗu baƙo ne, baƙo kuwa raɓa

Malam Auwalu: Ina bin ku tun ɗazu ina aji. Yaya Lawan yana da hujja, lokacin da Abu Ɗalha ya so sadaukar da gonarsa Bairuha, Annabi (SAW) cewa ya yi ya raba wa danginsa, yana nan a Buhari. Amma kuma Mus'ab bin Umair daga Makka aka tura shi Madina ya koyar da Alƙur'ani tun kafin hijira, ya kuma zauna cikinsu har suka saba. To fita ba laifi ba ce, abin tambaya me ka ɗauka ka tafi da shi. Yanke wa mutum hukuncin niyya kuma, Yaya, wannan sai Allah

Baffa Lawan: Na ji Malam, na janye kalmar hoto a kan Ummi. Amma ban janye ta a kan da yawansu ba. Mu da muka tsufa mun ji labarin 'yan Peace Corps, masu aikin sa kai na Amurka waɗanda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, a shekarar ma wata yarinyarsu a Ibadan ta rubuta wa abokinta kati tana kwatanta ƙazantar da ta gani, katin ya faɗi ɗaliban jami'a suka tsinta suka yi bore, dole ta bar ƙasar. Yanzu kuma mu ne za mu je mu yi wa wasu irin wannan kallon?

Gwaggo Binta: Amma Yaya ba kai ne kake ba mu labarin Baturen da ya koya muku turanci a sakandare ba, har kana cewa ba ka taɓa ganin malami irinsa ba 😂

Baffa Lawan: Binta ki fita a idona. Shi shekara biyu ya yi, har goro ya iya ci

Yaya Sani: To ai mun dawo wuri ɗaya kenan Baffa. Kuma mu Kanawa da tafiya aka san mu, kakanninmu Gwanja suke zuwa fataucin goro, ku je Zangon Kumasi ko Nima a Akara ku ji Hausa, a Sudan ga garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu na jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba wanda ya ce musu ku zauna a gida

Baffa Lawan: Su fatauci suka je da hijira, ba su ce wa kowa taimako suka zo ba

Abba ƙarami: Ni tambayata ɗaya, masu cewa ga almajirai a gida ga almajirai a gida, a cikinmu wa ya taɓa zuwa tsangaya ko sau ɗaya ya duba ƙafar yaro? UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa makaranta a Najeriya, mu dai sai in wani zai tafi waje muke tunawa da su

Gwaggo Binta: Abba da Baffanka kake?

Abba ƙarami: Da mu duka nake Gwaggo, har ni

Baffa Lawan: Ƙyale shi Binta, ya ɗan taɓa ni amma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai ragowar tuwo da nake miƙawa a ƙofa

Anti Hadiza: Ummi ga shawara. Digirinki na koyarwa ne, akwai Islamiyya a bayan layinmu a Ɗorayi da suke neman mai koya wa 'yan aji uku karatun boko Asabar da Lahadi, ba ko sisi. Ki riƙe su shekara guda ki ga ko za ki iya jure yara arba'in a ɗaki ɗaya ba fanka. In kin iya, sai ki nemi tafiya mai tsawo wadda makaranta ce take buƙatar malama, kuma duk ƙungiyar da ba ta binciki tarihinki ba kafin ta haɗa ki da yara, kuɗinki kawai take so

Ummi: Na ji Anti, zan zo ranar Asabar in gani. Amma Baffa ni fa ban fasa fita ba, ɗagawa kawai na yi

Baffa Lawan: Ni ma ban fasa cewa ba na ba da ko kwabo a tikiti ba. Allo da alli na Ɗorayi kuwa ki turo lissafi

Yaya Sani: Shi TAC sai kin yi shekaru kina aiki tukuna, ki fara tara su. In lokacin ya yi aka kai ki Gambiya kina da gidan sauka, matar abokina har yanzu tambayata take yaushe zan kawo mata yaji da kilishi

Gwaggo Binta: Duk ku gama tsarinku, ni dai ba inda za ta je sai da miji. An kira magariba