Ɗaukar jariri riƙo: ina tsoron asarar kuɗi da ta zuciya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shekararmu 11 da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma bayan mun gaji da zaryar asibiti, ni da maigidana mun yanke shawarar ɗaukar jariri mu raina. Wata mata a unguwarmu ta ce ta san yarinyar da ke da cikin wata 7 wadda ba ta da halin raino, kuma idan muka ɗauki nauyin awonta da abincinta da kuɗin haihuwa, za a miƙo mana jaririn ranar da aka sallame ta. Maigidana ya riga ya ba da kuɗi sau biyu babu ko takarda, ni kuwa na sayi zannuwan goyo na ɓoye a ƙasan akwati. Har yau ba mu ga yarinyar da idonmu ba. Ina roƙon waɗanda suka san wannan lamari su ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina aikin lauya, kuma shawarata ita ce ku dakatar da biyan kuɗin nan tun yau. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta haramta bayarwa ko karɓar kuɗi domin a miƙa wa wani yaro, saboda haka abin da ku kuke kallo a matsayin taimako, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane za ta iya kallonsa a matsayin cinikin ɗan Adam. Ki tuna yaran nan 9 na Kano da 'yan sanda suka ceto a 2019, waɗanda aka sace aka yi Anacha da su domin sayarwa. Tun daga lokacin, duk jaririn da aka gani a hannun wani babu takarda abin tuhuma ne. Bayan haka, kuɗin da kuka bayar ba ya ɗaure uwar da komai, domin tana da ikon ta haihu ta ce ta fasa, kuma babu alƙalin da zai ƙwace mata ɗa saboda kun biya mata awo.

Hanyar da take da tushe ita ce ta ma'aikatar mata da walwalar jama'a ta jiharku, wadda za ta binciki gidanku da lafiyarku da hanyar samunku, sannan kotu ta ba da umarni. A dokar tarayya, sai ma'aurata sun kai shekara 25 kowannensu, kuma yaron ya zauna a hannunsu wata 3 a jere kafin a yanke hukunci, amma kowace jiha da tata dokar. Akwai jira mai tsawo da kuɗin gwaje-gwaje da na lauya, sai dai kowane sisi da rasidinsa.

Amsa ta biyu:
'Yar uwa, ni ta wajen dangi na bi, ina ganin can babu haɗari. Ƙanin maigidana ya rabu da matarsa, aka ba ni 'yarsu tana wata 8, da bakinsu suka ce sun bar mini ita duniya da lahira. Ni na yi rainon haƙorinta, ni na kwana zaune da ita a asibiti lokacin da ƙyanda ta kama ta, ni na kai ta makarantar allo da ta boko. Tana shekara 6 iyayen suka sasanta, uwar ta koma ɗakinta, sai ga aike wai a kawo ta hutu. Hutun da bai ƙare ba ke nan. Babu wanda zan kai ƙara, domin 'yarsu ce, kuma duk wanda na yi wa kuka sai ya ce in yi haƙuri kada zumunci ya lalace. Kuɗin da na kashe ban taɓa lissafa su ba, amma na fi shekara ina zuba abinci a ƙaramin kwanonta kafin in tuna ba ta nan. Ita ma yarinyar ta sha wahala, domin an ce mini ta daɗe tana tsayawa a zaure da yamma tana jiran in zo. Ba ina hana ki riƙo ba ne, domin da za a sake ba ni ita gobe zan karɓa, amma ki sa a rubuta komai a gaban manya da shaidu.

Amsa ta uku:
Malama, ƙari a kan abin da aka faɗa, akwai ɓangaren shari'a. Riƙon maraya aiki ne mai girman lada, amma aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, don haka ba zai ɗauki nasabar maigidanki ba, kuma ba zai gaje ku ba. Abin da za ku iya shi ne wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, ko kyauta tun kuna raye, a damƙa masa ita a gaban shaidu, domin an sha ganin ɗan riƙo ya tashi babu ko ɗaki ranar rabon gado. Idan namiji ne kuma, ki nemi 'yar uwarki mai goyo ta shayar da shi kafin ya cika shekara 2, domin ya zama muharraminki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na nuna wa maigidana amsoshinku, ya kira matar ya ce muna son ganin yarinyar da katin awonta kafin mu ƙara ko kwabo. Ta ce za ta kira mu da yamma, yau kwana 4 ke nan wayarta a kashe.