Neman kalma: bututun da ake sa wa mai haihuwa bayan allurar barci

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma zan shiga situdiyo, shirin a kan tiyatar haihuwa ne da allurar barci gaba ɗaya, ba ta ƙashin baya ba. Likitan da na ɗauki muryarsa ya yi ta maimaita intubeshan. Me zan ce wa masu sauraro a Rigasa da Kawo?

Ɗalibin jinya: Sa tiyo a maƙoshi. Haka muke gaya wa dangi.

Sista ta ɗakin tiyata: Ƙanena, maƙoshi na abinci ne. Ranar da robar ta bi can, ai an shiga uku. Maƙogwaro take bi zuwa huhu. Kuma Hajiya, ki faɗi dalili. Mai ciki maƙogwaronta kan kumbura, ciki ya tokare huhu, jikinta na shan oksijin da yawa, don haka tana barci iskar ke yin ƙasa. Shi ya sa muke sa ta shaƙi oksijin minti uku tukun. Ga abin da ke cikinta yana iya tasowa ya faɗa huhu, abin da wani likita, Mendelson, ya bayyana tun 1946. Danna guringuntsin wuya da muke yi don tare shi kuwa, wani likita, Sellick, ne ya kawo a 1961.

Mai shirin lafiya: Wannan faɗawa huhun ai ƙwarewa ce, ko?

Ɗalibin jinya: Ki ce a rediyo "matar ta ƙware", a zaci digiri aka ba ta.

Tsohon malamin Hausa: Tiyo dai Faransanci ne, da shi ake ban ruwa a lambu. Ni na daɗe da ƙirƙiro *maƙogwarantawa*, kamar yadda aka samu Hausantawa. Kalma ɗaya, ta gama magana.

Sista ta ɗakin tiyata: Baba, da girman kujerarka, kafin in gama furta ta oksijin ya sauka.

Tsohon malamin Hausa: Matsalarku ke nan 'yan Kaduna, Hausar bariki. A Zariya ba wanda zai yi dariya.

Wani daga Tudun Wada: Baba, Hausar barikin ce ake ji har Ghana a rediyon Kaduna. Kuma asibiti da likita da kuke faɗa a Zariya, daga wane kakan aka gaje su?

Tsohon malamin Hausa: Waɗannan sun zauna. Tiyo bai zauna ba.

Mai shirin lafiya: Don Allah ku bari, dare ya yi. Sista, "zura bututun numfashi" fa? Aikin duka kuma "tsare hanyar numfashi".

Sista ta ɗakin tiyata: Ya yi. Ki ƙara cewa sai ta yi barci ake zurawa, kuma a gaya wa likita gaskiyar lokacin da ta ci abinci, ko kunu ne.

Tsohon malamin Hausa: Kalma uku a gurbin ɗaya. To, ki yi da shi gobe. Amma ki ambaci tawa ko sau ɗaya, a ji bakin mutane.

Mai shirin lafiya: In lokaci ya rage, Baba. Ƙwarewar ce har yanzu ban samu ba.