Gwiwa ta raba ni da ƙwallo ina ɗan shekara 31, in sayar da filina ko a'a?

Lamba Biyar:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa cin abinci da ƙafarsa.

Na fara ƙwallo a filin firamaren unguwarmu a Kaduna. Shekara 11 na yi ina buga baya a ƙungiyoyi huɗu, yawanci a rukuni na biyu, kaka biyu kacal na taɓa bugawa a Firimiyar Najeriya. Bara da damina jijiyar gwiwata ta dama ta tsinke a wajen atisaye. Ƙungiya ta biya kuɗin hoton farko, daga nan kowa ya daina ɗaukar wayata. Har yau ina bin su albashin wata biyar da ragowar kuɗin sa hannu. Yayana ne ya sayar da babur ɗinsa aka yi mini aiki. Alhamdu lillahi yanzu ina tafiya, ina sallah a tsaye, amma likita ya ce gudu da juyi sun ƙare.

Ina da mata da yara biyu, takardar sakandare kawai gare ni. Abin da ƙwallo ta bar mini fili ɗaya ne a bayan gari. Kuma wallahi ba rashin kuɗin ne ya fi cina ba, safiya ce. Shekara 11 ƙarfe bakwai tana yi mini a fili. Yanzu in na dawo daga masallaci sai in zauna a ƙofar gida, yara suna wucewa suna cewa "kyaftin", in rasa inda zan sa kaina.

In sayar da filin in je kwas ɗin koci, ko in buɗe shagon kayan masarufi da kuɗin?

Baban Hanifa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka taɓa filin nan, ko don koci ko don shago. Wanda bai taɓa zaman kasuwa ba in ya zuba jarinsa gaba ɗaya, 'yan bashi ne za su cinye, balle kai da unguwa ta sani. Ka dubi Ahmed Musa, tun yana CSKA Moscow da Leicester yake juya kuɗinsa zuwa gida, ya gina wurin wasanni da gidan mai a Kano alhali albashi na shigowa. Kai naka ya tsaya, filin shi ne gatan 'ya'yanka. Ka nemi wani ɗan kasuwa ka zauna a shagonsa ko shekara ɗaya ce, ka koyi saye da sayarwa tukun.

Tsohon Gola:

Ƙanena, na girme ka da kusan shekara 20, kuma na zauna a irin wannan ƙofar gidan. Maganar Baban Hanifa a kan fili gaskiya ce, amma zaman shago ban yarda ba. Maganar safiyar da ka yi ita ce ta tsaya mini a rai, don ita ke kashe tsofaffin 'yan ƙwallo tun kafin talauci ya iso.

Rashidi Yekini a nan Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, shi ne gwarzon Afirka na 1993, shi ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya a ragar Bulgeriya a 1994. Amma ya ƙare rayuwarsa a kaɗaice a Ibadan, ya rasu a 2012 yana ɗan shekara 48. Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan tawagar 1994 alkawari sai a 2021 aka amince a ba su, shekara 27, shi da Stephen Keshi duk suna ƙasa. In wannan ne rabon manya, mu na rukuni na biyu wa muke jira?

Sai ka dubi Amokachi, shi ma ɗan garinku, daga Ranchers Bees har Everton da Besiktas. Gwiwa ce ta kayar da shi bayan Kofin Duniya na 1998, irin taka. Bai bar fili ba, ya koma horarwa, yana mataimakin Keshi aka ɗauko Kofin Afirka a 2013. Ban ce za ka kai can ba. Cewa nake abin da ka sani kenan, shekara 11 kana karanta ɗan gaba kafin ya motsa, wannan ilimi ne.

Ba sai ka sayar da komai ba. Lasisin koci na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, daga ƙasa ake farawa, matakin D, sannan C. Akwai kuma cibiyar koyar da harkar wasanni ta ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas in hali ya samu daga baya. Ni da yara 14 na fara a filin makaranta, ƙwallo biyu, ko riga babu. Yanzu makarantu biyu masu zaman kansu ke biyana duk wata. Ba arziki ba ne, amma tukunya ba ta kwana a kife.

Hajiya Ummi:

Kuɗin wata biyar ɗin nan fa haƙƙin iyalinka ne, kada ka yafe don kunya. In kana da kwafin kwantiraginka, ka kai wa ƙungiyar 'yan ƙwallo ta ƙasa, ka kuma rubuta ƙorafi zuwa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF. Sannan in kuɗin ya fito, babur ɗin Yayanka za ka fara mayarwa.

Lamba Biyar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kwantiragin yana nan, maiɗakina ta ajiye shi a cikin akwatin lefenta, jiya muka fito da shi. Baba Gola, yaran nan masu ce mini kyaftin na kira guda tara, na kuma yi magana da hedimastan firamarenmu, ya ba mu filin Asabar da Lahadi bayan La'asar. Don Allah ka faɗa mini, da 'yan ƙasa da shekara 13 ka fara ko da manya? Kuma nawa kake karɓa a wajen iyaye a farkon farawa?